Labulen Ɗakin Shalele

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da maigidanki, kuma karatun da ya kai ki nesa yana tafiya yadda kike so. Allah Ya dawo mana da ke lafiya. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗan da ta saba, Kawu kuma ya sake buɗe shagon ɗinkinsa.

Maganar ɗanki Shalele ce ta sa na zauna rubutu, don a waya ba kya barin mutum ya kai ƙarshen zance. Kin tuna ranar tafiyarki, kika riƙe hannuna a bakin ƙofa, kika sa na yi miki alkawarin ba zai shiga rana ba, tunda a ganinki ita ce ke tayar masa da ƙaiƙayin nan? Wallahi na riƙe alkawarin. Labulen ɗakinsa kullum a sauke, riga mai dogon hannu, ga safa a hannuwansa don kada ya sosa. Yara suna ƙwallo a layi, shi yana sauraronsu ta bango. Duk da haka bayan gwiwoyinsa ya tsattsage, da safe sai in tarar da jini a zanen gado. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye miki ba.

Makon jiya na kai shi wurin likitar fata. Ta ce ekzima ce, wato bushewar fata mai ƙaiƙayi, ba ƙazwa ba, kuma ba a ɗaukarta. Aka ɗebi jininsa, sai ga shi bitamin D ɗinsa ya yi ƙasa sosai. Da ta tambaye ni ko yana fita waje, na ce mata kullum yana ɗaki. Ta ce da hasken rana fata take samar da wannan bitamin, kuma sukan ga ƙarancinsa a jikin yaran da ciwon ya tsananta musu. Ba ta ce shi ya kawo ciwon ba, ba ta kuma ce zai warke tas ba. Amma ta ce ko ƙashinsa yana bukatarsa, kuma zafi da gumi ne ke ƙara ƙaiƙayi, ba hantsi ba. Ta ba mu maganin ɗigawa a baki da man shafawa, ta ce ya riƙa ɗan fita da safe kafin rana ta yi zafi.

To, 'yar'uwa, na ɗaga labulen. Na san don ƙauna kika yi, amma tsoronki ba zai zama ɗakin yaron nan ba. Ranar farko tsayawa ya yi a bakin ƙofa yana ƙyafta ido, ya ƙi sauka. Na zaci hasken ne ya dame shi. Ashe ke yake tsoro. Ya tambaye ni ko Mama za ta yi fushi in ta ji, na ce zan tambaye ki. Tun daga ranar, kullum da safe sai ya sa takalmansa ya zauna a kan dakali, ƙafafunsa a inuwa, ya ce sai kin ce.

Don Allah ki kira shi, ki faɗa masa da bakinki. Tawa maganar ba ta isa ba.

Inna da Kawu suna gaishe ki, Gwaggo ma haka. Ki gaida maigidan naki.

Taki har kullum,
Yayarki