Bangon da ke tsakanina da matar direba

Litinin, 3 ga Maris
Na tare. A kan tirela aka kawo gidan daga masana'anta, aka dire, aka ɗaure. Kowane gini an raba shi biyu, ni da keken ɗinkina a nan, wani direba da matarsa a ɗaya ɓarin. Daidai talaka, na gode Allah. Amma wanda ya zana shi bai taɓa zama da maƙwabta ba. Kowane ɓari ƙofa ɗaya tal, taga da sandunan ƙarfe, bangon tsakiya kuwa katako ne aka shafa wa fenti.

Asabar, 8 ga Maris
Ya dake ta da hantsi. Na ji ƙarar bel ɗin wando, na ji kanta ya bugu da bango har zarurrukana suka zubo daga kan kantar ɗakina. Na ƙara wa keke gudu. Ina ruwana.

Lahadi, 9 ga Maris
Mun haɗu a famfo, idonta ɗaya a rufe. "Yaya, kin ji wani abu jiya?" Na ce ɗinki nake. Haushinta ma na ji, ban san dalili ba.

Alhamis, 13 ga Maris
Yau ma.

Talata, 18 ga Maris
Da azahar ya shigo ya murza makulli. Ta ƙwala "Yaya!" sau ɗaya, sai muryar ta koma kakari. Na fita da gudu. Ƙofarsu ta ƙarfe ce, taga ba ta shiguwa, maza sun taru suna ta "Malam, ka ji tsoron Allah!" Na koma ɗakina, na ɗauki tukunyar gas na maka wa bangon. Na sake makawa. Ya ɓurme. Ga shi durƙushe a kan ƙirjinta, hannu biyu a maƙogwaronta, harshenta a waje. Dutsen guga na rarumo, na sauke masa a kunne. Jini har kan shaddar mutane. Ya kife yana gurnani, na ja ta ta kafar muna tsallake kusoshi. Wallahi da ya ɗago da na ƙara masa.

Laraba, 19 ga Maris
Shi asibiti, daga can sai hannun 'yan sanda. Ita ba ta iya haɗiyar ruwa. Ta kwana a katifata, munsharinta ya ishe ni.

Juma'a, 28 ga Maris
An ba da belinsa, an ce yana wurin 'yan uwansa. Ita ta koma ɓarinsu. Kafintan kamfanin da ya yi gidan ya zo da sabon katako, mai kauri, wai ko ganga aka buga ba zan ji ba. Na ce ina da aiki, ya dawo wani lokaci. Ya ce yaushe? Na ce zan neme shi. Na yi wa kafar labule da ragowar yadi, saboda zafi kawai, iska ta fi zagayawa. Gadona kuma na juya shi, kaina ya koma wajen labulen.