Keken da Ya Kori Surukina Daga Falonsa

Malama Zuhra, ki taimake ni da shawara, ko da yake neman taimako ba ɗabi'ata ba ce. Na shugabanci makarantar 'yan mata har na yi ritaya, ban taɓa barin wani ya riƙe mini jaka ba.

Na zo Kuala Lumpur wankan jegon 'yata Hasanatu, sai kullen korona ya rutsa da ni a gidansu da ke unguwar Danau Kota. Gwiwoyina sun daɗe da ƙin lanƙwasuwa, a kan kujera nake salla. Ana haka maƙwabciyarmu ta ba ni labarin ƙananan gidajen motsa jiki da ake yayi a garin nan. Ba irin manyan nan masu tarin ƙarafa ba ne. Kowanne abu guda ya riƙe: wannan keke, wancan dambe, wani kuma na mata zalla. Da aka rufe su, sai suka koma ba da hayar kekunansu har gida, suna koyarwa ta waya. Na samu wani a Sri Petaling mai ajin dattawan mata, na sa aka kawo mini keken tsaye, na kafa shi a falo.

Malama, abin sai wanda ya gani! Mai koyar da mu, Azlina, tana ƙirga satu, dua, tiga, wato ɗaya, biyu, uku da yaren ƙasar, mu tsofaffi muna amsawa daga gidajenmu, har da wata Basiniya da ta girme ni. A azumin bana na kai goshina ƙasa na tashi da kaina. Na yi kukan murna.

Ga damuwar. Surukina Alkasim, mai karatun digiri na uku a jami'ar da ke titin Jalan Semarak, yaro ne mai kunya. Ko ruwa ba ya sha a gabana. Wata safiya ya fito ya tarar da ni a kan keken, gumi sharkaf, ina ihun tiga. Ya koma da baya har ya bugi ƙofa. Tun ranar ya ƙaurace wa falon. A kicin yake rubutunsa, a kan matakala yake cin abinci. Hasanatu ta ce in mayar da keken. Ni kuwa ba zan koma sallar kujera ba. Yaya zan yi?

Tsohuwar shugabar makaranta

Hajiya, barka da wannan sujada. Kada ki mayar da keken. Lafiyar da ta dawo ba a sallamarta.

Amma ki dubi Alkasim. Gudun da yake yi girmamawa ce, ba ƙiyayya ba. A gida Najeriya, da zaure da tsakar gida sun raba ku. A nan falo ɗaya ne, kuma a cikinsa yake karatun da ya kawo shi ƙasar. Na kuma lura a wasiƙarki kin ce kin sa an kawo keken, ba ki ce kin shaida wa masu gidan ba. Wannan ofishin shugabar makaranta ne ya biyo ki.

Kada ki tare shi da maganar, za ki ƙara masa nauyi. Ki bi ta hannun Hasanatu. A mayar da keken ɗakinki, ko baranda a sa labule. Ki sayi abin sauraro na kunne, ki rage ihun tiga. A sanar da shi lokacin ajinku. In an buɗe wuraren, tunda mutane kaɗan suke ɗauka, ki riƙa zuwa Sri Petaling da takunkuminki, ki ga ƙawayenki ido da ido.

Ki kuma bar Hasanatu ta faɗa masa cewa yanzu a tsaye kike salla. Ina kyautata zaton shi zai ɗauki keken ya kai miki ɗaki, kansa a sunkuye. Wannan karon ki bari a riƙe miki.

Allah ya ƙara wa gwiwa ƙarfi, ya raya jariri.

Zuhra