Tulun Irin da Inna Ta Binne

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara maka sauƙin ƙafar nan. Mu nan sai godiya. Baffa dai kunne ya tafi, amma baki na nan daram.

'Yarka ta zo hutu, mun ji daɗinta. Sai dai rannan tana taya ni tsince hatsi, ta ce wai ka ba su labari Inna ba ta da tausayi, ta ɓoye abinci lokacin yaƙi muna kukan yunwa. Auta, kai? Kai da kake goye a bayana kana jiƙa mini zane, yaushe ka buɗe ido har ka zama mai ba da labari?

To, bari wadda ta gani ta faɗa maka. Sojoji sun kwashe rumbu, sun kora awaki, sun tasa Baba a gaba ya ɗaukar musu kaya. Abin da ya tsira tulu ɗaya ne na iri, Inna ta binne shi ƙarƙashin dutsen niƙa. Muka koma cin ganye da dusa. Goggo ta durƙusa tana roƙonta ta tono ko tafi ɗaya ne, Inna ta ce in muka cinye yau, me za mu zuba a ƙasa ran da ruwa ya sauka? A kan dutsen nan take yini, ta miƙa maka rabonta ta ce ita ta ƙoshi. Da ruwa ya sauka, ta tono tulun ta yi shuka, ina bin ta ina rufewa da ƙafa. Ba ta kai girbi ba.

Buhun da nake aiko maka duk kaka, kana yabon daɗinsa, jikan irin nan ne, ban taɓa sauya shi ba. Na bana yana zaure a ɗaure. Ka tara 'ya'yanka ka gyara maganar nan, 'yarka ta shaida mini da bakinta, sannan buhun ya hau mota. In ba haka ba, kajina ma suna da baki, kuma ba sa zagin Inna da shi.

Ka gaida matarka da yara. Baffa na gaishe ka, bai ji abin da ka ce ba, ka gode wa Allah.

Taka,
Yaya