Na San Inda Ruwan Alwalarsu Yake Fitowa

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu baki ɗaya. Don girman Allah a ɓoye sunana. Kuma ina roƙo ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, don duk zagin da za ku yi mini na riga ku yi wa kaina shi. Shawara nake nema, kuma da gaggawa nake nemanta.

Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Bazaga. Na yi karatun noma da dashen itatuwa, amma aikin gwamnati bai samu ba. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun rasuwar babana, shi ya sa ni lakwal, wato makarantar boko, kuma har yau mahaifiyata a gidansa take zaune. Ɗan kwangila ne. Kwanakin baya ya samu aiki a wata makarantar gaba da lise, wato gaba da sakandare, da ke bayan garin Konni, ba zan faɗi sunanta ba. Ana gina sababbin ɗakunan kwanan ɗalibai a gefen tsofaffin, shi kuma aka ba shi gyaran fili, wato dasa itatuwa, da shimfiɗa duwatsun daɓe da ake ce wa pabe a kan hanyoyi, da shuka ciyawar ado tsakanin gine-gine. Ya ɗauke ni ya ɗora a kan aikin shuka, har ma'aikata suna kirana Injiniya, ni kuma ina jin daɗi ina ƙara gyara hula.

Duk wanda ya san zafin Konni ya san ciyawar ado ba ta wasa da ruwa, safe da yamma take so. Foraj kuwa, wato rijiyar burtsatse, guda ne a shantiyen, wurin ginin ke nan, kuma magina sun kama shi, su kwaɓa siminti da shi, su shayar da bulo, su jiƙa dakalin sama. Motocin siminti na sauke kaya daga Malbaza, babban magini na cewa gini ne aiki, ciyawa kwalliya ce. Abin da nake samu ɗan kaɗan ne, ina tara shi a wani babban kwarmin siminti da muke ce wa basan, wanda aka gina dab da ɗan masallacin ɗalibai. Ciyawa ta fara ja, itatuwa suka fara zubar da ganye, ga shi an ce manyan baƙi za su zo buɗe ginin. Na je na gaya wa Kawu. Ya kama hannuna ya kai ni bayan tsohon gini, ya taka murfin ramin bayin ɗalibai da ƙafa, ya ce, “Kai, ga ruwa nan kwance ƙasa kana kukan ruwa?” Na ce, “Kawu, wanga ai na masai na.” Ya ce, “To mi ad da shi? Ba shi na mu ka roƙon masu mota su zuba muna gona da rani ba? Hatsin da kac ci kag girma, da mi yat tashi?”

Gaskiya ne, a wajenmu haka ake yi, ana zuba shi a gona da rani, rana ta ƙone shi kafin damina. Amma gona daban, tsakiyar gidan mutane daban, kuma na san haka, na karanta haka. Duk da haka ban musa masa ba. Lokacin ɗalibai suna hutu, babu kowa. Na ɗaga murfin, warin da ya buge ni har yau in na tuna sai yawu ya cika mini baki. Ramin ɗaki-ɗaki ne, na ƙarshe ruwa ne zalla mai duhu-duhu. Na jefa tiyo, na tayar da injin ban ruwa, na tura shi cikin basan ya gauraya da na foraj. In ya kwana ya kwanta sai ka gan shi garau, sai ɗan kore-kore a gefe. Ciyawa kuwa, wallahi ban taɓa ganin irinta ba. Ta tashi shar, har masu kabu-kabu na tsayawa a bakin ƙofa suna leƙe. Da hutu ya kusa ƙarewa Kawu ya ce injin zai tona mu, a binne tiyo a ƙasa daga ramin zuwa gindin basan, a toshe tsohuwar mafitar ramin, ruwa ya riƙa gangarowa da kansa. Ni na haƙa, ni na binne, ni na jera pabe a kai da hannuna, na share yashi. A raina na ce ai shuka ce kawai za ta sha.

Ɗalibai suka dawo. A daidai lokacin aka rushe tsohon shato, wato tankin ruwa na sama, don a ɗaga sabo, ruwan famfo ya koma zuwa da safe kawai, kafin azahar famfon masallaci ya ƙafe. Ranar nan ina tsaye ina datse ciyawa sai na ga wani ɗalibi ya nufo basan da buta. Ya tsoma, ya cika, ya tsuguna a kan pabe ɗin da na jera. Ya yi bisimilla. Ya wanke hannu, ya kamfaci ruwan ya kai baki, ina kallon kumatunsa suna motsi, ya furzar, ya sake kamfata, ya sake, sannan ya shaƙa a hanci, ya shafe fuska har yana lumshe ido don sanyi. Na jefar da almakashi na zagaya bayan tarin bulo na yi amai har sai da idona ya yi ja. Me ya hana ni ihu? Me ya hana in ruga in buge butar nan daga hannunsa? Ina da baki, ina da ƙafa, tsakanina da shi bai fi a tofa yawu ba. Tsoro ne kawai, ba wani abu ba. Kafin in dawo sun yi layi, buta na bin buta.

Abin da ya fi tayar mini da zuciya shi ne na san zagayen da ruwan yake yi. Da safe su shiga bayi, da rana abin ya gangaro ta tiyona, da azahar su kurkure baki da shi su tsaya gaban Ubangiji. Ƴaƴan mutane ne, iyayensu sun turo su karatu daga Illela, daga Madawa, daga ko'ina, kuma ba su yi mini komai ba sai gaisuwa.

Na yi ƙoƙari, amma irin ƙoƙarin matsoraci. Akwai ɗalibin da ke ja musu salla, in kira shi Malam Habu ko da yake ba sunansa ke nan ba, yaro mai natsuwa da fara'a. Na same shi na ce, “Malam, ruwan ga hwa na shuka na, ba na mutane ba.” Ya yi dariya ya ce, “Injiniya, ai ba sha mu ka yi ba, alwala ta. Ko rowa za ka yi muna?” Sannan ya ɗebo a tafin hannu ya sunsuna, ya ce ɗan warin da ake ji na siminti ne da gansakuka, kuma ya karanta cewa gansakuka ba ta ɓata ruwan tsarki. Sai ya dube ni ya tambaya, “Ba daga foraj ya ka hitowa ba?” Ga ƙofa Allah Ya buɗe mini. Na ce, “I, daga can na.” Ya ce, “To alhamdu lillahi,” ya shafa sauran ruwan a wuyansa. Tun daga ranar duk wanda ya yi ƙorafin wari sai a ce masa ai Malam ya tambayi Injiniya.

Na koma wajen Kawu na ce a cire tiyon nan, mutane na alwala da ruwan. Ko gezau bai yi ba. Ya ce, “Abin ya rigaya ya narke, kuma Allah zuciya Shi ka dubi.” Na ce to in gaya musu. Nan ya sauya fuska. Ya ce, “Ka san ɗaliban ga kuwa? Sai sun ƙone injin, su ƙone motata, kai kuma su karya ka. A kore ni, sunana ya ɓaci ƙasar Konni dut. Sannan ka tahi ka hwaɗi ma uwarka kai kat tona ma wanta asiri, ka ga inda za ta sa kanta.” Mutumin nan fa da jarkar ruwansa yake zuwa a bayan mota, kuma ko sau ɗaya bai taɓa salla a masallacin nan ba, in lokaci ya yi sai ya ce yana da uzuri a gari. Ina son Kawu, ya yi mini abin da uba ke yi, amma ranar da na ga ya tsallake wani ɗan ruwa da ya malalo daga basan yana tattare babbar rigarsa, ƙyamarsa ta kama ni. Sai kuma na tuna ni ma da gorata nake zuwa daga gida, a ɓoye nake alwala bayan bulo. To da me na fi shi?

Na yi tunanin in toshe tiyon ba wanda ya sani. Amma mun riga mun rufe tsohuwar mafitar, in na toshe wannan ramin zai cika ya dawo musu cikin bayi, a zo a fasa pabe, a ga aikina. Sai na sayo ruwan jabel, irin na kashe ƙwayoyin cuta, na riƙa tsiyayawa a basan, wai ko ya kashe abin da ke ciki. Kun san abin da ya biyo baya? Ruwan ya koma ƙamshin asibiti, mutane suka ƙara yarda da shi. Yanzu har mai shayin bakin ƙofa a nan yake ɗauraye kofunansa. Na daina shan shayi, na ce masa likita ya hana ni sukari. Wasu ɗalibai idonsu ya yi ja, ana cewa ƙurar siminti ce. Wani ya kwanta da gudawa, aka ce waken kantin cin abincin ɗalibai ne. Ban sani ba ko ruwan ne, amma duk wanda na ga ya riƙe ciki sai gabana ya faɗi.

Abin da ya sa na kasa ci gaba da shiru ya faru ne a makon nan. Na manta gorata a gida. La'asar ta yi, na yi niyyar sulalewa, sai Malam Habu ya hango ni. Ya ɗauki butarsa, ya cika ta da kansa a basan, ya kawo mini da hannu biyu a gaban jama'a, ya ce, “Bisimilla Injiniya, mai ruwa shi ya kamata shi hwara.” Na dubi butar, ruwa na ɗiga daga bakinta. Wallahi na kasa. Na ce, “Na gode Malam, ina da alwala.” Ba ni da ita. Haka na shiga sahu ba tsarki, na bi limamin da na san da abin da ya wanke fuskarsa, kafaɗata na gogar rigar na kusa da ni da ke jiƙe, ina jin ɗan warin nan ƙarƙashin jabel, ina danne amai a cikin sujada. Wace irin salla ce wannan? Wani zai ce su ba su da laifi tunda ba su sani ba. To ni da na sani fa, sallolin nan duka a wuyan wa suke?

Bayan an sallame Malam Habu ya miƙe ya yi sanarwa. Ya ce ƙungiyar ɗalibai ta roƙi hukumar makaranta kada a rushe basan in an gama gini, tunda shi ne ruwan da ba ya yankewa, a rufe samansa, a jera masa famfuna da wurin zama, ya zama wurin alwala na dindindin, kuma an amince. Aka yi kabbara. Kun san wanda aka ba aikin? Kawu. Ya karɓa, har ya ce tayil ɗin sadaka ce daga gare shi, aka yi ta sa masa albarka. Yanzu haka da nake wannan rubutu magina na manna farin tayil a jikin basan, ga famfuna sababbi suna ƙyalli. In aka rufe saman nan, ba mai sake ganin ko launin ruwan, kuma ɗaliban da ba su ma zo ba tukuna da shi za su yi alwala.

Ranar Juma'a mai zuwa za a buɗe wurin alwalar, gaban shugaban makaranta da baƙi. Malam Habu ya zo har inda nake ban ruwa ya gaya mini, yana murna, cewa sun yanke shawara ni zan fara murɗa famfo in yi alwalar farko kowa na kallo, don ni na riƙe musu ruwa lokacin da babu. Wannan karon ba zan iya cewa ina da alwala ba.

In na faɗi gaskiya na kashe mutumin da ya raine ni, na jefa mahaifiyata cikin kunya a gidan da take ci take kwana, kuma ban san abin da ɗaliban nan za su yi mini ba, ko da yake duk abin da suka yi ban ce sun zalunce ni ba. In na gudu, famfunan na nan, za a murɗa su ko ba ni. In kuwa na yi shiru, ranar Juma'a zan tsuguna a kan farin tayil, in yi bisimilla, in kai ruwan nan bakina.

Ƴan'uwa, don Allah, me zan yi?