An Ɗaure Shi Don Nauyinka

Zuwa ga taubashina Habu,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma ba karantawa za ka yi ba, miƙo mini za ka yi ka ce idonka na ciwo, malalaci kawai. Amma magana ta cika mini ciki, kuma duk garin nan ba wanda zan faɗa wa ya gane sai kai.

An yanke hatsi. Gonarka ta arewa ta yi abin da ba ta taɓa yi ba kana nan, ka ga ashe kai ne matsalarta. Matarka Hadiza ta fita takaba, tana nan cikin gida da yara. Wadda ba ta da lafiya ita ce Gwaggo, mahaifiyarka. Tun rasuwarka tari ya kama ta, ta rame, numfashi na yi mata wuya. Labarinta zan ba ka, ita da moton dajin nan namu, babur ɗin da muke fatauci a kai.

Ka tuna ranar da muka dawo daga rijiyoyin Tarka, ni a gaba, kai a baya rungume da ragon da muka saya? Ranar ce amortisa ya mutu, ƙarfen nan na ƙarƙashin sirdi mai shanye gargada, wanda 'yan Kano ke ce wa shakazoba. Mansa ya tsiyaye duka, moto ya dinga tsalle da mu kamar ɗan akuya. Na ce ƙibarka ce ta kashe shi, ka ce zunubaina ne suka yi masa nauyi. Haka muka shiga Belbeji muna zagin juna, har rumfar Malam Mutari makanike.

Da sabon ya iso daga Damagaram, tare muka je. Malam Mutari ya ɗora moton a kan kututture, tayar baya na lilo. Ya cire sirdi, ya kwance notin ƙasa, sannan na sama, ya zaro mataccen ya jefar gefe. Ya shafa wa sabon giris, ya rataye shi ta sama bai ɗaure ba, ya ce a ɗaga taya a hankali har ramukan ƙasa su haɗu. Kai ka ɗaga, da hannu ɗaya, kana duban mutane ko sun gani. Shi ne aikin kirki guda da na taɓa gani ka yi wa moton nan.

Sai aka zo daidaitawa. Ya nuna mana zobba biyu a saman naɗaɗɗen ƙarfen da ke jikin amortisan, na ƙasa mai matse shi, na sama mai kulle ɗan'uwansa. Ya ce ba a ɗaure wannan abu da ka, sai da nauyin masu hawa. Ya ɗauko kara, ya auna daga tsakiyar taya zuwa wutsiyar moto, ya yi alama da farce. Aka sauke moton, na hau, ka hau. Wayyo, wutsiya ta nutse har kusan ta taɓa taya. Ya ce mu sauka, ya matsa zobe, mu sake hawa. Ya sake matsawa, ya sake, gumi na zuba, har ya ce tun da yake sana'ar nan bai taɓa kai zobe wurin ba. Kai kuwa dariya har da riƙe ciki, kana cewa a faɗa wa ƙasar Damargu duka an yi wa Habu moto daidai jikinsa.

Ba mu ci kasuwa da yawa a kansa ba zazzaɓin damina ya kwantar da kai. Wa zai ce mutum kamarka zai tafi haka da sauri? Ina wurin, ina jiran ka buɗe ido ka zage ni.

Bayan sadakar arba'in na koma fatauci ni kaɗai. Moton ya ƙi ni, Habu. Bayansa ya tashi sama, ƙafata da ƙyar take taɓa ƙasa. Kowane rami sai ya doke ni a ƙugu, cikin rairayi kuma tayar baya ta dinga zamewa. A hanyar Falanko ya kayar da ni, na goge gwiwa da kafaɗa. Malam Mutari ya ce in kawo ya sassauta zoben, aikin da bai kai shan shayi ba. Na ce masa laifin taya ne. Ya dube ni, ya koma kan aikinsa. Na fi son ciwon ƙugun da a taɓa abin da aka auna da jikinka.

Sai jikin Gwaggo ya tsananta. Dole majo, babban ma'aikacin jinya na gidan likitan Belbeji, ya duba ta. Mota ba ta biyowa ta garinmu sai ranar kasuwa, a amalanke kuwa wuni za ta yi cikin rana, ba za ta kai da rai ba. Saura moto. Amma na san in na ɗora ta a kansa yadda yake, ramin farko zai cilla ta ƙasa.

Da safe na kai shi ƙofar gidanku, da guduma da wani dakusasshen ƙarfe. Na ɗora shi kan turmi, na auna da kara yadda na ga an yi, na sauke. Na hau, mata suka tallabo Gwaggo suka zaunar da ita a bayana, a wurinka. Hadiza ta riƙe karan. Habu, moton ko motsi bai yi ba. Ban ma ji an hau ba, sai da na waiwaya na tabbatar tana nan. Matar da ta haife ka ke nan.

Ya kamata in sauka in kama aiki, na kasa. Ina zaune riƙe da kan moto kamar wawa, mutane na kallona. Ashe ka ba ta labarin zoben nan, da fahariyarka, ta san abin da ya riƙe ni. Ta dafa kafaɗata, ta ce ita ta fara ɗaukar ka, kuma tun kana goye kake karya mata baya. Ta ce daga baya ni na karɓe ta, na yi ta yawo da kai. Ta ce yanzu ƙasa ce ke ɗauke da kai, ita kuwa ba ta gajiya, don haka in kwance abin nan mu tafi.

Na sauka. Rairayin tafiye-tafiyenmu ya cika zaren da zoben zai bi ya koma sama, sai da na goge shi da tsumma na ɗiga masa mai. Na buga zoben kulle ya saki, na dinga juya na ƙasa baya. Muka hau, Hadiza ta auna, muka sauka, na ƙara. Da wutsiya ta nutse yadda ake so na kulle shi. Ban ga abin da nake bugawa sosai ba, har na sami babban yatsana.

Suka ɗaure mini ita a baya da zani, kamar goyo. Muka bi hanya sannu a hankali, ba ta ce wash ba ko sau ɗaya. Majo ya saurari ƙirjinta, ya ce da an ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Ya riƙe ta wasu kwanaki. Yanzu tana gida, tana shan kunu, har ta fara yi wa jikoki faɗa.

Tun muna yara ban taɓa faɗa maka magana mai daɗi ba. Taubasai ba sa yi, sai zagi da tsiya. To ga ta yau: ba ni da aboki kamarka, kuma ba zan sake yi ba.

Moton ya yi laushi yanzu. Yana bin rairayi lafiya lau, ƙuguna ya daina ciwo, kowa na cewa na huta. Ni kuwa wallahi na tsani laushin nan. Da, kowane rami sai ya tuna mini akwai wanda ya kamata ya kasance a bayana. Jiya na je Tarka na dawo, bai doke ni ko sau ɗaya ba. Cikin safiya guda ya saba da rashinka. Ni wa zai sassauta mini?

Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata maka kabarinka, don na san ba ka son matsi. Sai na iso.

Ɗan kawunka,
Laminu