Ɗana ya hana ni shiga jirgi da jikata

Anti Chileshe, ki agaza mini da shawara, 'yata. Shekarata saba'in da ɗaya, a Siavonga nake, bakin tafkin Kariba. Da na yi ritaya daga koyarwa, ni da matata Mutinta muka sayi ɗan kwalekwale mai inji don shan iska. Kowace Asabar tana gaba da malafarta, ina baya riƙe da inji. Idan na kamo karfasa sai ta ce kifin ne ya ji tausayina. Bana shekara uku da rasuwarta.

Jikata Luyando, 'yar shekara bakwai, ita ta gaji wurin zaman. Har yadda take jan yatsu a ruwa irin na kakarta ne. A Lusaka suke da ubanta, ɗana Nchimunya, sai hutu nake ganinta.

To, ba zan ɓoye miki ba. A Disamba mun fita mu uku, inji ya mutu nesa da gaɓa, iska ta taso. Babu filafili, da murfin kula na yi tuƙi, Nchimunya yana kwarfe ruwa da kwanon nshima, tuwonmu na masara. Awa biyu kafin mu taka ƙasa. Yarinyar ko kuka ba ta yi ba, ubanta ne ya kasa cin abinci. Washegari ya ce ba za ta sake shiga ba sai na tanadi rigunan ceto da wasu tarkace da ya lissafa. Na ce tun ba a haife shi ba nake ninƙaya a tafkin nan, ba ɗan birni ne zai koya mini ruwa ba. Ya kwashi iyalinsa ya tafi. Yanzu gaisuwa kawai muke a waya.

Ba rowa ba ce. Akwatin da ke ƙarƙashin kujera, inda kayan za su shiga, malafar Mutinta ce a ciki da zanenta da butar shayinta, yadda ta bar su. Na kasa taɓawa. Ista ta ƙarato, Luyando tana tambaya ko jirgin ya yi kewarta. Ni ne na yi kewarta. Yaya zan yi?

Tsohon Malami, Siavonga

Baba, Allah ya ƙara maka haƙuri. Kewar da ke cikin wasiƙarka ta taɓa ni. Gaskiya ne ka fi ɗanka sanin tafkin, kuma magana daga bakin wanda ka goya tana da ɗaci. Amma shi uba ne da ya yi awa biyu yana kallon 'yarsa a kan ruwan da ke da kada da dorina, ba riga a jikinta. Iya ninƙayarka ba zai riƙe mutum uku ba.

Kayan Mama kuwa, kada ka fitar da su don an matsa maka. Sayi wani akwatin roba mai murfi ka ɗaure a gefe. Ka zuba usur, tocila, igiya, kayan taimakon gaggawa, da waya a jakar da ruwa ba ya shiga. A tanadi filafili biyu, anga mai tsayar da jirgi, bokiti da abin kashe gobara, tunda akwai fetur. Rigar ceto kowa da tasa, ta Luyando daidai nauyinta, mai maɗauri tsakanin ƙafafu. Sawa ake yi, ba ajiya ba, kuma kai za ka fara. Makanike ya duba injin, sannan duk fita ka gaya wa wani inda ka nufa da lokacin dawowa.

Idan ka haɗa, ka ɗauki hoto ka tura wa Nchimunya, sannan ka kira shi. Ka ce masa ka tsorata ranar nan kai ma, don na san ka tsorata. Babba ba ya raguwa don ya faɗi haka. Idan ya ce fitar farko a tsaya kusa da gaɓa, ka yarda.

Ka fara gobe, Baba, Ista ba ta jiran mai fushi. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

Anti Chileshe