Takalman da Nyor Teriyo Bai Nema Ba

Litinin, 4 ga Maris

Ni ne Mai Girma Babban Tafintan birnin Zamboanga na ƙasar Filifin, masanin harsuna bakwai, wanda jakadu ke layi a ƙofarsa. Yau an ɗauke ni aikin tafinta gidan tsohon maƙwabcinmu Nyor Teriyo, wato Malam Teriyo. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye Turanci ya gudu daga bakinsa, sai Sifaniyancin da uwarsa ta rene shi da shi, gauraye da Cabakano, yaren unguwa. Ga jikansa Warren ya zo daga Amurka, ba ya jin ko ɗaya. Ni kuwa a gidan tsohon na girma, ina jin yarensa, Turanci kuma na tsince shi wajen sayar wa baƙi duwatsun wuya a kasuwa.

Inna ta ce, “Hajirul, ban da iskancin nan naka, ka ji ko?” Na ce Mai Girma ba ya iskanci.

Laraba, 6 ga Maris

Tsoho ya tambayi lafiyar ’yarsa, uwar Warren. Lolo Warren ke kiransa, wato Kaka. Na ce wa Warren, “Lolo ya ce wanne ya fi girma, cikinka ko jirgin da ya kawo ka?” Yaran gidan har da faɗuwa ƙasa. Warren ya yi dariya ya ce ashe Lolo ɗan barkwanci ne. Tsoho ya ga ana dariya, shi ma ya murmusa da rabin baki.

Asabar, 9 ga Maris

Na kai Warren cin tsiren satti. Yaji ya sa shi hawaye. Ya ce uwarsa ta sha gaya masa Lolo mutum ne marar sakin fuska, bai taɓa ce mata ya ji daɗinta ba, ko ranar da ta gama karatun jinya. Na ce ƙara miya.

Lahadi, 10 ga Maris

Warren ya tafi.

Da zai fita tsoho ya kama hannunsa da hannun nan mai lafiya, ya daɗe yana kokawa da harshe. Ya ce, “Te aprecio, hijo.” Sau biyu. Na san abin da ya ce. Amma ga yara sun zuba min ido suna jira, sai na ji bakina ya ce, “Wai ka bar masa takalmanka.”

Warren ya cire su nan take, ya ajiye gaban kujerar, ya shiga mota da silifas yana dariya. Tsoho ya kalli takalman. Ya kalle ni.

Talata, 12 ga Maris

Ban shiga gidan ba.

Juma’a, 15 ga Maris

Nyora Kandida, ƙanwar tsoho, ta tare ni a bakin famfo. “Kai ɗan banza, me yayana ya ce wa yaron nan?” Na gaya mata kalmar. Ta ajiye bokiti. Ta ce shekara saba’in da ɗoriya tana tare da shi, sau ɗaya ta ji ta a bakinsa, a kan kabarin uwarsu. Mazan gidansu ba sa cewa suna son mutum, wannan ce iyakarsu. “Ai ka gaya masa daidai ko?” Na ce eh.

Talata, 19 ga Maris

Ciwon ya sake bugun tsoho jiya da hantsi. Yanzu ko Sifaniyancin babu. Na je gaishe shi, na yi masa kwaikwayon tafiyar Warren cikin silifas, bai ko motsa baki ba. Takalman na ƙarƙashin gado, an jera su.

Juma’a, 22 ga Maris

Na nemi kalmar a waya, yadda ake faɗinta da Turanci. Ta ba ni biyu. Ta farko ita baƙi ke ce min in na miƙa musu canji. Ta biyu ita suke faɗa in suna ƙiyasta kuɗin sarƙa. Da wacce zan je wa mutum?

Bayan Juma’a na tambayi Ustaz Jamiri hukuncin wanda aka ba saƙo ya sauya. Ya ce, “Amana ce, a mayar wa mai ita. Wa ka cuta kuma?” Na ce wani abokina ne. Ya ce to abokin ya yi sauri.

Alhamis, 28 ga Maris

Na rubuta wa Warren saƙo da sunan tsoho, kamar shi ya sa a rubuta. Na ce: ranar nan ba takalmi na nema ba, cewa na yi na san darajarka, kana da girma a zuciyata, ka gaya wa uwarka ita ma haka. Zancen uwar ni na ƙara. Ya yi kyau ƙwarai, da Warren ya yarda.

Na daɗe da yatsa a kan wayar. Sai na goge sunan tsoho da layin uwar, na sa a ƙasa: Lolo ba ya iya magana yanzu. Ni ne na rubuta, Hajirul ɗan mai kifi, wanda ya yi maka ƙarya a gabansa.

Na tura wa Warren, wayar ta nuna an karanta. Bai amsa ba tukuna.